Faifan Hamisu da na sayar a Mallawa

Ni ɗan garin Kwaya ne, kuma kafin sunana ya ɓaci mutane sun san ni da gyara. Tun ina yaro nake kwance rediyon babana in mayar. Da karatu ya ƙi ni a aji uku na kwaleji, sai na koyi gyaran salula a kasuwar Magariya, daga nan na kai ga kwamfuta. Wani ɗan garinmu ya samo mini aiki a wata jami'a mai zaman kanta a birni, aka damƙa mini makullin ɗakin da ɗalibai ke aiki da kwamfutoci. Ina sallata, ina aika wa gida abin da ya samu, ba wanda ya taɓa kama ni da ko allura.

A shekarata ta biyu, Baba Isuhu, aminin babana, ya zo da ɗansa Hamisu da rabin buhun gyaɗa. Ya sayar da san amalankensa ya sa yaron karatun aikin gona. Ya ce mini, "Ga ƙanenka nan. Amana na ba ka." Na ce, "Baba, kamar yana gabanka."

Kwamfutocin ɗakin nan tsofaffi ne tukuf. Sai ka kunna ɗaya, ka je ka sha shayi ka dawo ba ta gama farkawa ba. A cikinsu Hamisu ya rubuta memuwar ɗinsa, wato kundin gama karatu. Damina biyu ya yi yana bin ƙauyukan Dungas a kan babur, yana auna gonakin gyaɗa, yana tambayar manoma irin da suke shukawa.

Da aka kawo sababbin kwamfutoci, ni aka sa in canza su. Na lura da yadda ake bincike: masu ofis su zo su ƙirga akwatuna, su duba lambar da aka rubuta da fenti, su tafi. Ba mai buɗe ciki. Wannan ne ya fara yi mini raɗa.

Na fara da ɗaya. Ranar Juma'a, kowa ya tafi masallaci, na kulle ƙofa, na sa turnabis, wato sukudireba, na cire faifan ajiya sabo, na maye gurbinsa da tsoho. Ran Asabar na kai wa wani ɗan kasuwa a Mallawa, mai ƙetarawa da kaya Najeriya. Ranar farko ina yi ina leƙen ƙofa. A karo na uku kuwa har ina waƙa.

Hamisu ba shi da kwamfutar kansa, ɗan kle ɗin da yake ajiya ciki, wato filas, kuma ya lalace. Ni da bakina na ce masa, "Kawo in zuba maka aikinka cikin sabuwa, ita ba ta mutuwa." Na zuba, na goge na cikin tsohuwar. Sati uku bayan haka mutumin Mallawa ya nemi faifai goma a haɗe. Na bi layi ina cirewa cikin sauri kafin a taso daga masallaci, ban duba lamba ba.

Ran Litinin Hamisu ya same ni. Ya ce, "Yaya, aikina babu. Saura wata ɗaya in kare shi gaban malamai."

Nan take na gane abin da na yi. Na kuma san faifan yana Mallawa, don mutumin ba ya ƙetarawa sai kaya sun taru. Da na hau mota ranar, da na dawo da shi kafin magariba. Amma sai a tambaye ni yadda aka yi ya fita. Na dubi yaron nan na ce, "Cuta ce ta shiga kwamfutar ta cinye. Sai haƙuri."

Ya ce, "To, Yaya, Allah ya saka da ƙoƙarinka." Har yau wannan godiyar ta fi mini zafi a kan marin jandarma.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Sababbin kwamfutoci suka riƙa mutuwa, direkta ya kira waɗanda suka kawo su, suka buɗe, suka ga tsofaffin kaya. Jandarmomi suka tare ni a tashar Magariya da faifai shida cikin buhun gero. Alƙali ya yanke mini shekara uku. A kaso na ji cewa Hamisu ya bar makaranta, don sake aikin sai wata damina biyu, kuma babu wani sa da za a sayar.

Da aka sake ni ban fara da gidanmu ba. Na tarar da Baba Isuhu a zaure yana ɓare gyaɗa, ya rame. Na durƙusa na faɗa masa komai, har zancen Litinin ɗin da ban faɗa wa alƙali ba. Ya sa aka kawo mini ruwa. Ya ce Hamisu ya bi masu haƙar zinariya arewa, shekara biyu ke nan ba waya, ba saƙo.

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Nawa na yafe. Nasa kuwa ba ni da ikon ba ka. Sai ka jira shi, kamar yadda muke jira."

Na tuba, na koma gyaran salula a ƙarƙashin wata rumfa, kuma mai kawo mini gyara yakan tsaya a kaina har in gama. Ban ga laifinsa ba.

Ku samari masu koyon sana'a, duk makullin da aka ba ku, rayuwar wani ce a bayan ƙofar. Kada ku taɓa na farko. In kuma kun riga kun faɗa, ku faɗi gaskiya tun gyara na yiwuwa, ko da za a ɗaure ku. Ni shekara uku na yi na fito. Uwar Hamisu har gobe in ta ji tsayawar mota sai ta leƙo ƙofa.