Baƙin da Dela ta Rataya a Aduwa

"Wai da gaske ne sai ta yi magana da fara kafin ta soya ta?"

"Ba da duka ba. Ta ce akwai wadda ba ta son surutu."

"To ita farar mi take ce mata?"

"Ke dai saya ki ci. Ko da wa take magana, yajinta ya fi na kowa a Dakoro."

Matan suka wuce da tulunansu, ba su san wadda suke zancenta tana gindin katangar lakwal, wato makarantar boko, ba, zaune bisa tabarma, tana ƙulla soyayyar fara kafin yara su fito hutun hantsi. Dela ta ji su sarai. Ta yi ɗan murmushi, ta ci gaba da barbaɗa yaji.

A wani ƙauye na wajen Ajekoriya aka haife ta. Tun tana ƙarama kakarta ke tashinta da asubar kaka, lokacin da sanyi ya ɗaure wa fara fiffike, su shiga gona suna tsinta daga jikin kara kamar masu tsinkar wake. A nan ta fara lura cewa fara ba hali ɗaya gare ta ba. Gozaro malalaci ne, sai rana ta gasa shi yake tuna yana iya tashi. Babe kuwa girman kai, ka miƙa hannu ya tsaya yana kallonka kamar kai ne ya kamata ka ji kunya. Farar tumfafiya ta san ba a cin ta, shi ya sa take ado da rawaya tana tafiyar ƙasaita a gaban kowa. Ko a cikin iri ɗaya ma, in ji Dela, akwai mai tsoro akwai mai ƙarfin hali, kamar ƴaƴan ɗaki guda.

Aure ya kawo ta Dakoro, gidan Abdurrazak dillalin awaki. Da Allah ya yi masa rasuwa aka raba gonar gado da ke bayan lakwal, rabi na ƴaƴanta, rabi na ƙanensa Sa'adu, wata tsohuwar aduwa ta zama iyaka. Da can ita da Sa'adu abokan wasa ne, yadda matar wa da ƙanen miji suka saba, ba ya shigowa gidan bai ce tuwonta ya yi ruwa ba. Bayan rabon gona ba a yi faɗa ba, amma gaisuwa ta gajarce, wasa ya mutu.

Tagar wani aji tana buɗewa daidai inda Dela ke zama. Shekara da shekaru abin da take ji daga ciki faransanci ne da lissafi, suna wuce kunnenta kamar iska. Sai shekarar da malamar ajin, Madan Rahinatu, ta dawo daga wani horo da aka yi wa malamai a Maradi, kan yadda za a koya wa yara kare shuka ba tare da an fara da guba ba. Daga ranar sai Dela ta ji ana kiran sunayen ƙwarin da ta sani, kuma da Hausa.

Madan ba ta ce wa yara wannan ƙwaro mugu ne wancan nagari ba. Halinsu take ba su. Ta ce darɓa taron raggaye ne, ba sa zuwa su kaɗai, sai su lulluɓe ganye suna tsotsa. Ƙoƙi-ƙoƙi mai haƙuri ne, ya naɗe hannuwa kamar mai addu'a, alhali jiran ɓarawo yake. Ƙudan zuma ɗan aike ne tsakanin fure da fure, ba ruwansa da kowa sai an taɓa shi. Takan fitar da ajin zuwa lambun lakwal, inda suka shuka salati da tumatur, ta sa su durƙusa su duba ƙarƙashin ganye, su gaya mata wa ke ci, kuma wa ke cin mai cin. In ɓarayi sun yi yawa a tsince su da hannu, in abin ya fi haka a jiƙa ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, a yayyafa. Guba tana can ƙarshen layi, domin in ta zo ba ta tambayar halin kowa.

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta sa Dela ta miƙe wata rana ta leƙa tagar. Ta daɗe da sanin haka ta wata hanyar, duk gonar da aka fesa ba ta tsintar fara a cikinta, don ba za ta soya wa ƴaƴan mutane guba ba. Ta yi sallama, ta nemi a gaya mata ita fara a wane layi take.

"Ɓarauniya ce, Inna," in ji Madan Rahinatu tana dariya. "Amma ke ce mafarauciyarta. A layin ƙoƙi-ƙoƙi za mu sa ki."

Ajin ya fashe da dariya. Dela ta koma tabarmarta da wani irin daɗi da ba ta san sunansa ba. Ta kai shekara hamsin tana tsammanin ita kaɗai ke kallon ƙwari a matsayin masu hali, ga shi ashe har a Maradi ana tara malamai a kan zancen. Daga nan kullum aka tashi Madan takan tsaya wurinta, ta sayi ƙulli ɗaya, su yi hira. Dela kuwa in rana ta take, yara sun koma aji, sai ta jingina da katanga ta lumshe ido, ta ga lambun ya zama gari guda. Ga unguwar tururuwa da ba a barci, ga gizo-gizo ya kafa rumfa a bakin hanya yana jiran masu wucewa, ga buzuzu yana tura kayansa da baya bai gaishe da kowa ba.

Abin da ke cinye hatsin mutane dai ba ya zuwa lokacin lakwal. Murzuna, tsutsar da ke shiga zangarniya ta yi ta murɗa hanya tana cin ido tun yana madara, sai tsakiyar damina take bayyana, lokacin an rufe azuzuwa, malamai sun tafi gida. Bara ta bar wa Dela zangarniyoyi kamar an tsefe su. Kafin Madan ta tafi hutu ta gaya mata akwai wata ƴar mitsitsiyar zanzaro, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, ba ta harbin mutum, aikinta kawai neman murzuna. In ta same ta sai ta sumar da ita, ta yi ƙwai a jikinta, ƴaƴan su cinye ta su tashi su nemi wata. Ta ce ana kiwonta a Maradi, kuma in lokaci ya yi za ta aiko.

Ta cika alkawari. Da hatsi ya fara fitar da kai, wani direban motar kasuwa ya kawo wa Dela ƴan ƙananan buhunan algarara guda uku, kowanne bai fi tafin hannu biyu ba, an ɗaure bakinsu. Madan ta kira ta a waya ta yi mata bayani. A ciki akwai ɗan hatsi da tsutsotsin da zanzaron ta riga ta yi wa ƙwai, ƴaƴan za su fito da kansu ta ƙofofin saƙar. Ta rataya su a gona. Kada ruwan sama ya jiƙa su. Kuma ta bi maƙwabtan gona ta gaya musu kada kowa ya yi feshi, don feshi ɗaya ya isa ya kashe su duka.

Dela ta ɗauki zancen ruwa da muhimmanci. A ɗaki tana da sauran jar fatar akuya tun zamanin mai gidan. Ta yanka, ta ɗinka wa kowane buhu ƴar riga mai buɗaɗɗen ƙasa, ruwa ya zame ta sama, baƙi su fita ta ƙasa. Hannunta bai iya aikin banza ba, sai da ta gyara gefen, ta murza igiyar fata ta rataya. Biyu a ƙananan rassan aduwa, ɗaya can sama inda ta hau turmi ta kai.

Zancen maƙwabta ne ta bari. Maƙwabcin da ya fi kusa Sa'adu ne. Ta yi ta juya yadda za ta tsaya gabansa ta ce masa ta kawo ƙwari daga Maradi a mota, sai ta ga fuskarsa, ta ji abin da za a riƙa faɗa a majalisar ƴan awaki. Ta ce gobe. Gobe ta yi, ta sake cewa gobe.

Kwanakin nan su ne mafi daɗi a daminarta. Kullum da hantsi takan zo ta zauna gindin aduwa, ta ɗaga kai tana sauraro, ko da yake ba abin da ake ji. Ta riga ta yanke musu hali tun ba su fito ba. Ta ce masu kunya ne, irin baƙin da ba sa cin abinci a gaban mutane, amma in sun tashi aiki ba a sa su ba a hana su. Iska na kaɗa hatsi, rigunan fata na lilo, ita kuma tana ganinsu a ranta suna fita ɗaya bayan ɗaya, suna bin kunya-kunya har gonaki masu nisa, ba su san ta wane ce wannan ba, ta wane ce waccan.

Wata safiya ta tarar da toka a gindin aduwa. Ƙananan rassan babu komai, sai warin ƙonanniyar fata. Sa'adu yana tsaye da doguwar sanda yana ƙoƙarin zaƙulo na saman, ga pampon feshi a bayansa, ga kwalbar fiya-fiya a ƙasa.

Bai gaishe ta ba. Ya ce jiya da marece ya ga layu rataye a kan iyaka, kuma ya tabbata su ne suka sa tsutsa ta cika masa gona. Ya ce bai taɓa su da hannu ba, da sanda ya sauke su, ya yi bisimilla ya cinna musu wuta, yadda ake yi wa irin wannan abu.

"In rabin gonar ne bai ishe ku ba, matar Yaya, da sai ki faɗa mini da baki."

Dela ta ɗaga kai ta dubi na saman. Sai a lokacin ta gan shi da idon wani. Jar fata, ɗinki mai kyau, igiya murzazza, a kan iyakar gonar gado. Ita ma da ta tarar da shi a gonarta, da ba ta kwana ba sai ta kai wa malam.

Ba ta rantse ba, ba ta yi kuka ba. Ta tsinko zangarniya ɗaya daga nata ɓangaren ta miƙa masa. Murzuna ta riga ta zana hanyarta a jiki, daidai da yadda ta yi a nasa. Ta tambaye shi wace irin laya ce ke fara cin mai ita. Sa'an nan ta ce ya ba ta sandar. Ya miƙa mata. Ta sauko da na ƙarshen a hankali, ta zare rigar fatar, ta ɗora buhun a tafin hannu.

Sa'adu ya ja da baya taku ɗaya.

"Kai da kake kama bunsuru da ƙaho, buhu kake tsoro?"

"Ba buhun ba, mai buhun."

Wannan ce magana ta farko mai kama da wasa da ta shiga tsakaninsu tun rabon gona. Dela ta zauna a ƙasa, ta gaya masa komai, tun daga tagar aji har direban mota, har da goben da ta yi ta ɗagawa. Yana tsaye yana ji, pampo a baya, bai ce ya yarda ba. Ya ce shi abin da ya sani, tsutsa tana ci yanzu, maganin yana hannunsa yanzu, kuma yara a gida ba labari za su ci ba. Ta ce gaskiya ne. Ba ta da tabbacin buhu ɗaya zai isa gona biyu, ita ma ba ta taɓa gani ba, ji ta yi.

Suna cikin haka wani abu ya motsa a jikin algarara. Ɗan ɗigo ne ruwan ƙasa-ƙasa, ya turo kai ta tsakanin zare, ya tsaya yana karkaɗa gashin kansa. Wani ya biyo shi. Na farkon ya taka har kan yatsan Dela, ya buɗe fiffike sirara kamar ɓawon albasa, rana ta ratsa su. Bai yi gaggawa ba. Ya zagaya farcenta, ya tsaya, sa'an nan ya tashi, iska ta ɗauke shi ta tsallaka da shi iyaka, ya ɓace cikin hatsin Sa'adu.

Sa'adu ya bi shi da ido har ya daina ganinsa. Hannunsa na dama yana kan mariƙin pampo, bai saki ba, bai kuma danna ba. Dela ta matsa gefe, ta share masa wuri a inuwa da tafin hannu.

"Ƙanen miji, don Allah sauke abin nan daga bayanka. Ka ba su daga nan zuwa kasuwa mai zuwa. In ba su yi komai ba, ni da kaina zan ɗebo maka ruwan haɗawa. Yanzu dai zo ka riƙe mini buhun, in hau in mayar da shi."