Kwana Huɗun da Na Yi Shiru Ana Ce wa Mai Hoto Maye

Zuwa ga Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni tsoho ne yanzu, hannuna ya daina riƙe aska, amma a shekarun da ake shimfiɗo layin dogo zuwa Gusau ni matashin wanzami ne mai ji da kansa. A Bunguɗu aka haife ni, gidanmu gidan wanzanci ne tun kakanni. Da mahaifina ya rasu na ɗauki zabirarsa, wato jakar kayan aikinmu, na dawo Gusau saboda a lokacin garin ya fara cika da baƙi. Ina aski, ina ƙaho, ina kuma ba da maganin shawara da na ciwon ciki. Hannuna yana da sauƙi, mutane suna yabo, ni kuwa yabon ya shiga kaina fiye da yadda ya kamata.

Wata rana wani baƙo ya sauka kusa da rumfata. Bayarabe ne daga Ilori, mutum mai sanyin magana, tare muke sallah, Hausarsa tana ɗan karkacewa amma ana ganewa. Sana'arsa ɗaukar hoto. Yana da wani akwati mai ƙafa uku da ido ɗaya na gilashi, yakan lulluɓe kansa da baƙin mayafi a bayansa, ya ce wa mutum kada ya motsa. Bayan kwana biyu sai ya miƙo maka takarda mai kauri, ga ka nan zaune a kai, har layar da ke wuyanka. Ma'aikatan layin dogo da masinjoji da dillalan gyaɗa 'yan kudu su ne masu zuwa, su ɗauka su aika gida don a ga suna lafiya. Mutanenmu kuwa daga nesa suke tsayawa. Wasu malamai sun ce ba su gamsu da abin ba, tsofaffi kuma suna raɗa cewa duk abin da zai kwashe kamannin mutum ya ajiye a takarda, to, zai iya kwashe kurwarsa.

Zamansa ya yi mini rana, domin babu mai zama gaban akwatin sai ya fara zuwa na gyara masa gemu da saje. Muka saba, har yakan kira ni in ga yadda yake wanke hoton a cikin wani ruwan magani. Na ga da idona cewa aikin hannu ne kamar rini, babu wani tsafi a ciki. Shi ya sa na yanke shawara in zama ɗan gari na farko a unguwarmu da zai zauna. Na sa rigata ta saƙi, na rataya zabira, na riƙe aska a hannun dama. Jama'a suka taru kamar ana wasa. Da hoton ya fito na rataye shi a rumfa, ina nuna wa kowa, ina yi wa matsorata dariya.

A makon nan ne na tafi cin kasuwar Tsafe. A can na ji wani mai magani yana faɗin cewa in aka ɗiga ruwan tinya, tsiron nan mai farin ruwa kamar nono, a jiƙon saiwoyi yana wanke ciki sarai. Mahaifina ya sha hana ni taɓa tinya, ya ce farin ruwanta ba abin sha ba ne. Amma ina son in fito da maganin da babu wanzamin da ke da irinsa a Gusau. Na yanko ta a gindin duwatsun Tsafe, na dawo na haɗa a ɓoye, na ce bari in fara gwadawa a kaina. Wannan kaɗai ne hankalin da na yi a cikin lamarin. Kafin la'asar maƙogwarona ya kama wuta, amai da zawo suka sako ni gaba, washegari ko tashi zaune ba na iyawa.

Maƙwabta suka shigo dubiya, suka ga idona ya faɗa, jikina ya zube. Ba su tambayi abin da na ci ko na sha ba. Ɗaya ya ce ai dama an faɗa, ɗaya ya ce kwana nawa ne da zamansa gaban akwatin nan. Kafin azahar magana ta game unguwa cewa mai hoto maye ne, ya kama kurwar wanzami ya kulle a gilashi. Ina kwance ina jin su sarai. Bakina yana iya magana, ba zan yi ƙarya in ce ciwo ne ya hana ni ba. Abin da na hango shi ne, in na ce maganina ne ya kayar da ni, wa zai sake karɓar ko jiƙon sabara daga hannuna? Sunan gidanmu fa? Sai na rufe ido, na bar su suna faɗa. Na ce wa zuciyata ai ban ce shi ne ba, su suka ce.

Kwana huɗu na yi a haka. Labari yana iso ni cewa an daina sayar masa da abinci, mata suna janye 'ya'yansu in ya biyo hanya, a masallaci an bar masa sahu shi kaɗai. Ya zo duba ni sau biyu, aka tare shi a ƙofar zaure. A rana ta uku Inna, mahaifiyata, ta iso daga Bunguɗu a kan jaki. Ta dama mini kunu, ta share ɗakin, sai ta ci karo da ƙwaryar da na haɗa maganin a ciki, wadda na ɓoye a bayan randa. Matar wanzami ce shekara talatin, shinshinawa ɗaya ta yi. Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Wanga abu da ka sha, ni na san shi. Kai ma ka san shi." Ba ta gaya wa kowa ba. Ta wanke ƙwaryar ta kife, ta bar ni da abina.

A rana ta huɗu da hantsi mai unguwa ya tara mutane a ƙofar gidan da nake haya. An shirya za a sa baƙon ya tuɓe riga ya tsallaka ni sau uku, kamar yadda ake yi wa wanda ake zargi da maita don ya saki kurwar da ya kama, sannan a ƙone akwatin, shi kuma ya bar gari. Aka fito da ni a kan tabarma. Na ga akwatin a ƙasa an tara masa kara, na ga mutumin tsaye a tsakiyar taro. Bai yi gardama ba, ya dai ce shi Musulmi ne, bai san maita ba, amma in tsallakawar za ta ba abokinsa lafiya zai yi. Ya fara cire rigarsa. Kalmar abokin nan ita ta tashe ni. Na dafa ƙasa na zauna, na ce wa mai unguwa, "Baba, a dakata. Ba shi da laihi. Tinya na haɗa da hannuna na sha, kunya ce ta hana ni faɗi."

Mai unguwa ya sa na maimaita da ƙarfi har na baya su ji, na maimaita. Ya tambaye ni tun yaushe na san haka, na ce tun ranar farko. Wasu suka yi tsaki suka watse, wani dattijo ya tofar da yawu a gefen tabarmata. Mai unguwa da kansa ya ɗauki rigar baƙon ya miƙa masa, ya ba shi haƙuri a madadin unguwa, ya sa aka kwashe karan. Inna tana tsaye a bakin zaure, kuma ranar ita ta riƙa ba ni kunu a baki kamar ina ƙaramin yaro.

Abin da na ji tsoro ya faru. Damina biyu babu wanda ya karɓi magani a hannuna, aka laƙaba mini suna mai tinya, har aski sai da na riƙa bin kasuwannin Tsafe da Mada da Bilbis inda labarin bai yi ƙarfi ba. Mai hoto ma bai sake mini fuska nan da nan ba. Da na je neman gafara ya ce ya gode da rana ta huɗu, amma kwana ukun farko suna nan a ransa, in ba shi lokaci. Na ga gaskiyarsa. Watanni suka wuce kafin ya sake turo mini masu gyaran gemu. Ya zauna a Gusau shekaru da dama, kuma a hankali mutanen gari suka fara zama gaban akwatinsa: mai shirin tafiya Makka a ƙasa ya bar wa iyalinsa kamanninsa, fatake, har wasu daga cikin waɗanda suka tara karan. Ni kuwa ranar da aka yi wa mai unguwa haihuwa, ni ya aiko in yi askin suna. Ya ce wa mutane wanzamin da zai iya tona kansa a gaban jama'a ba zai ɓoye masa komai game da ɗansa ba. Daga nan aiki ya dawo, na yi shekara arba'in ina yi.

Na yi abubuwa da yawa da aka yaba a rayuwata, amma babu wanda nake alfahari da shi kamar zaman da na tashi na yi a kan tabarmar nan, ko da yake na makara da kwana uku, kuma har yau ina neman gafarar Allah a kansu. Na koyi cewa ba sai ka buɗe baki kake yi wa mutum ƙazafi ba, shirunka ma yana iya yi. Ina jan kunnen masu karatu, musamman masu sana'ar da jama'a suka amince da su: in kuskurenku ya faɗa kan wani, ku faɗi gaskiya tun ranar farko. Kuma in sabon abu ya shigo gari a hannun baƙo, ku tambaya kafin ku yanke hukunci, domin baƙo ba shi da dangin da za su tsaya masa. Sunan da na ji tsoron rasawa ya dawo mini cikin damina biyu. Da na bari mutumin nan ya tsallaka ni, da har yau ban iya haɗa ido da kowa ba.