Gilashin da Ya Raba Ni da Maigidana

Shekara shida na yi ina ɗaukar hoto a shagon maigidana a Kankiya. Da na tashi sayen gilashin kyamara na kaina, na zaɓi mai faɗin gani, mai jan haske ko a ɗaki mai duhu, sai dai da hannu ake murza shi kafin hoto ya fito tas. Da ya gani, ya kwashe da dariya a gaban masu jiran fasfo.

"Kai da hannunka ke rawa? Wahala ka sayo."

Bayan sati biyu aka kira mu walimar sauka a Yashe, cikin wani matsattsen zaure. Maigidana ya yi ta ja da baya har ya bugi bango, rabin malaman kawai ya samu. Ni na tsuguna bakin ƙofa, na murza a hankali, na kwashe su duka.

Mai zauren ya zaɓi nawa. Muna dawowa, maigidana ya sauke ni daga babur a Kusada, ya ce in nemi wani shagon. Ban ba shi haƙuri ba. Har yau ko a jana'iza muka haɗu, kowa kau da kai yake yi.