Agwagwar da ta yi jego a barandata

Ko zan manta komai na zamana a Landan, safiyar da na yi wa surukata musu a kan 'ya'yan agwagwa ba za ta taɓa goge mini ba.

Lokacin muna hawa na uku a Tottenham, titi ɗaya ne tsakaninmu da kogin Lea. Ina da wata babbar tukunya a baranda da na shuka yakuwa, sanyi ya hana ta yin abin kirki. Wata rana na leƙa, sai ga agwagwar daji, mai ruwan ƙasa-ƙasa ɗin nan, ta baje a ciki tana hararata. Ta tsige gashin ƙirjinta ta yi shimfiɗa, ta zuba ƙwai. Na ce to, yakuwa dai ta ƙi, bari mu ga ke. Na daina shanya a wurin, na bar mata barandar kacokan.

Ana nan sai Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta zo daga Kano ganin likita. Ni kuwa tun da aka yi aurenmu ban taɓa haɗa ido da ita ba, balle in mayar mata da magana.

Da ƙwan suka ƙyanƙyashe, na fito daga wanka na tarar Hajiya ta kwashe 'ya'yan tas, ta zuba su a kwandon wanki a kicin, ta barbaɗa musu gero. Uwar tana baranda tana dukan gilashi da baki, tana kuka kamar maƙogwaronta zai tsage.

"Rabo ne ya biyo ku har gida," in ji Hajiya. "Abin da ya ƙyanƙyashe a gidanka ai kiwonka ne. Ku kore uwar, nan da 'yan watanni sun isa yanka."

A gida haka ake yi, ban ce ta yi laifi ba. Amma waɗannan ba 'yan akurki ba ne. Ko kallon geron ba su yi ba, sun cure wuri guda suna rawar sanyi, ɗaya har ya fara lanƙwasa wuya. In uwar ta gaji ta tashi, sun mutu ke nan.

Maigidana ya raɗa mini, "Don Allah ki bar maganar, Hajiya ce fa. Just leave it."

Raina ya ɓaci. Na durƙusa gabanta, na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, amma wannan mai jego ce. Ba za a raba ta da 'ya'yanta a gidana ba."

Ban jira amsa ba. Na yafa mayafi, na sungumi kwandon na sauka ƙasa. Uwar na jin kukansu ta diro daga baranda. Na kwantar da kwandon, suka fito suka jeru a bayanta. Da muka iso titi na shiga tsakiya na ɗaga hannu biyu. Direban bas ya danna hon, na ce a raina danna har ka gaji, sai sun haye.

A bakin ruwa ne hankaka, baƙi ƙirin irin na garin nan, ya sure mai raunin a kan idona. Sauran suka faɗa ruwa suka bi uwarsu. Na tsaya riƙe da kwando ina kuka.

Hajiya ta ga komai daga sama. Ina shiga ta ce, "Kin gani? Da yanzu yana nan da ransa." Maganar ta soke ni, kuma har ta koma Kano gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ban san guda nawa suka girma ba, don a kogin nan dila da hankaki ba sa barin da yawa. Duk da haka ko yau aka maimaita, zan sake ɗaukar kwandon. Ranar na gane cewa abin da ya fake a gidanka amana ce, ba dukiya ba, kuma kunyar manya ba ta kai a yi shiru ana raba uwa da 'ya'yanta ba.