Ƙusoshin Ɗanbaba

Rumfar ɗinkina tana kallon maƙerar Malam Yusuf a Yelwa, saboda haka duk abin da ya faru a can sai na gani, ko ban so ba. To ni kuma ina so. Ranar da na ɗaga kai daga keke na hangi Ɗanbaba masunci yana zuga wuta, saura kaɗan in ɗinke yatsana.

Ɗanbaba ya haura hamsin. A cikin jirgi ya yi wayo, ubansa masunci, kakansa masunci. Sanyin ƙashi ne ya raba shi da ruwa. Gwiwoyinsa suka kumbura har ya miƙa wa babban ɗansa Lukman taru da jirgi, ya dawo gida ya zauna. Zaman bai karɓe shi ba, domin Allah ya yi shi da tambaya. Ya ishi matarsa Delu da me ya sa ake kaza, me ya hana a yi kaza, har ta ce ya je maƙera ya gasa gwiwoyinsa, ko ta samu ta tuƙa tuwo cikin kwanciyar hankali.

Da farko ɗumi ya kai shi. Amma mai tambaya ba ya zama kusa da wuta ya yi shiru.

"Malam, mi ya sa ƙarhe ka yin ja, sannan shi koma hwari?"

"Zuga," in ji Malam Yusuf.

"To in ya yi hwari, mi ka biyo baya?"

"Shi ƙone. Zuga."

Malam Yusuf tsoho ne mai tsadar magana, ƙira kuma gadonsa ce. Mutanen kasuwa suka yi ta tsiya, wai ɗan ruwa ya shiga gidan wuta, sai mun ga wanda zai kashe wani. Ni ma na yi tawa. Na ce masa ko awartaki ya ɗauka zai sa masa tana ya jefa a tafki. Ya yi dariya, ya ci gaba da zuwa. A hankali ya tashi daga zugazugi ya koma riƙon ƙarfe, daga nan aka ba shi masaba. Farkon abin da ya ƙera wai lauje ne. Ya kawo mini in gani, na tambaye shi da gaske ko ludayi ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne lokacin da Malam Yusuf ya gama wuƙa ko bakin gatari, ya tsoma cikin kaskon ruwa, ya yi cuuu, tururi ya tashi. Ya tambaya, aka ce masa ruwan ne ke sa ƙarfe ya yi tauri. Ranar ya tsallako rumfata fuskarsa kamar an yi masa albishir.

"Tela, ka ji? Duk wutar nan da suka taƙama da ita, sai ruwa ya sa hannu ƙarhe ka zama ƙarhe!"

Na lura abin ya yi masa daɗi fiye da kima. Mutumin da ruwa ya kora ne ya tarar da ruwa yana da daraja a sabon wurinsa.

A wannan shekarar Lukman ya sa aka fara haɗa masa babban jirgin katako na ɗaukar 'yan kasuwa zuwa tsallake. Irin wannan jirgi ƙusoshi ke riƙe da shi, dogaye, waɗanda ake kafawa su huda katako a lanƙwashe bakinsu ta ciki. Ɗanbaba ya ce shi zai ƙera su. Ya riga ya iya fitar da ƙusa, Malam Yusuf da kansa ya nuna masa. Sai aka yi rasuwa a dangin tsohon a Shanga, ya tafi, ya bar masa maƙerar.

Ina kallonsa. Ya tara guntayen rodi da sifirin mota, ya yi ta bugu tun daga hantsi har la'asar. Ya zubar da ruwan kaskon maƙera, ya ɗingisa har bakin tafki ya ɗebo sabo, wai ƙusar da za ta zauna a ruwan nan gara ta san shi tun yanzu. Kowace ƙusa ya gama, tana ja, sai ya yi bisimilla ya tsoma ta. Abin ya burge ni, ban ɓoye ba. Mai haɗa jirgi ya karɓa ya yi ta kafawa. 'Yan kaɗan sun karye wajen lanƙwasa, ya ce ƙarfen zamani ne, ya sa wasu.

Malam Yusuf ya dawo an kusa gama jirgi. Ɗanbaba ya ajiye masa ƙusa ɗaya don ya yaba. Tsohon ya juya ta, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya ɗan taɓa ta da masaba. Ta karye ƙas, kamar busasshiyar ƙayar kifi.

"Ruwa kab ba ta?"

"Na tabki ma, Malam."

"Wuƙa aka ba ruwa don ta yi kaihi. Ƙusar jirgi cikin toka aka barin ta ta huce da kanta, don in an matsa ta ta lanƙwashe. Wagga in an matsa ta karyewa takai. Ina sauran?"

Sauran kuwa duk suna jikin jirgi. Ɗanbaba bai yi tambaya ba, karo na farko tun da na san shi. Babu wanda zai gaya masa yadda jirgi ke murɗewa idan iska ta taso a tsakiyar tafki, da mata da buhuna da awaki a ciki. Ya fi mu duka sani.

Na rufe rumfa na bi shi bakin ruwa. Ya ce wa Lukman a zare ƙusoshin duka. Mai haɗa jirgi ya ce ai sun riga sun zauna, ba abin da zai same su. Lukman kuwa ransa ya ɓaci sosai, domin ya riga ya shaida wa mutane ranar da zai fara lodi.

"Baba, don Allah ka bari. Tun hwarko na ce a sayo na kasuwa, kac ce kai za ka yi. Yanzu kuma a kwance jirgi? Dariya za a yi muna."

"A yi," in ji Ɗanbaba.

Ya kama gefen jirgin, ya ja gwiwoyinsa ya shiga, ya zauna a tsakiya. Ya ce duk wanda zai tura jirgin nan ruwa sai dai ya tura da shi, kuma duk wanda ya zo shiga zai gaya masa wanda ya ƙera ƙusoshin da yadda aka yi su. Na ji tausayinsa, na kuma ji kunyar tsiyar da na yi ta yi masa.

Aka kwance jirgi. Dariyar kuwa an yi ta, har a rumfata. Lukman ya koma gaisuwa kawai ke haɗa shi da ubansa. Ɗanbaba ya sake ƙera sabbin ƙusoshi, Malam Yusuf na zaune yana kallo. Kowace ya gama sai ya binne ta a toka, kuma na sha ganin hannunsa ya nufi kaskon ruwa da kansa, ya janye shi. Kafin ya miƙa su, sai da ya riƙa ɗauka yana lanƙwasawa yana miƙewa, har tsohon ya gaji ya ce, "Ta yi. Kai su."

Yanzu shekara ta zagayo. Ɗanbaba yana nan a maƙera, laujensa ya fara kama da lauje, tambaya kuma ta dawo har ta fi da. Amma ranar da na fi tunawa ita ce ranar lodin farko. Yana cikin aiki aka ce jirgi zai tashi. Ya ajiye masaba ya ɗingisa bakin ruwa, ni ina biye. Ya tsaya nesa, bai matsa kusa da ɗansa ba.

Jirgi ya cika. Sai Lukman ya sauko, ya karɓi 'yarsa Murjanatu daga bayan uwarta, yarinyar da ko yaye ba a yi ba. Ya shimfiɗa rigarsa a cikin jirgin, daidai kan layin ƙusoshin, ya zaunar da ita, uwar ta shiga ta zauna kusa. Sannan ya ɗago ya dubi ubansa, ya tayar da inji.

Na tuna wa Ɗanbaba cewa ya bar ƙarfe a wuta, zai ƙone. Ya ce ya sani. Bai motsa daga wurin ba sai da jirgin ya je tsallake ya dawo.