Bututun da Ban Hau Na Duba Ba

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, kalanzir ya gagare mu a Dugabau. Maiɗakina ta wanke risho ta tura shi ƙarƙashin gado, ta koma kara da itace. Da rani a tsakar gida take girki, amma in damina ta sauka dole ta shiga madafa, wani tsohon soro marar taga da muka gada tare da gidan daga baffana. Dama ƙirjinta ba mai ƙarfi ba ne. Daminar ba ta yi nisa ba tari ya kama ta, irin mai sa mutum dafa bango.

A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar. Wata rana malaminmu ya zana mana murhun ƙasa a allo, mai gurbin tukunya biyu, da bututu a bayansa wanda ke kwashe hayaƙi ya fitar ta saman ɗaki. Hannuna bai faɗa da rubutu ba tukuna, amma zanen nan na kwafe shi tsaf. Ya ja mana kunne cewa kafin a haɗa murhu da kowane bututu, a ƙona tsumma a bakinsa, mutum ya hau sama ya ga fitar hayaƙin da idonsa.

A kusurwar madafarmu akwai wani bututun ƙarfe da ya sauko daga rufi, ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. An ce baffana ya taɓa gasa burodi a ɗakin. Na ce Allah ya hutar da ni neman sabo. Na kwaɓa jar ƙasa da busasshiyar ciyawa, na fara gini a gindinsa. Maiɗakina tana zaune a bakin ƙofa tana tankaɗe.

“Malam, daga koyon baƙi sai zama injiniya?”

Na ce, “Ke dai ki zuba ido.”

“Na zuba. In tuwo ya kama, kai za ka ci ƙanzon.”

Ta yi dariya har tarin ya sarƙe ta.

Sai maganar hawa sama. Soron nan yana kallon tsakar gidan maƙwabcina, wani Alhaji da iyalinsa ke kulle. A garinmu namiji ba ya hawa soro sai ya nemi izinin maƙwabci, a sanar da mata su shige ɗaki, kuma a shekarar kusan kowane wa'azi sai an taɓo wannan. Alhaji ya tafi Kano jinyar ɗan'uwansa. Na ji nauyin in aika wa iyalin mutum alhali ba ya gari. Na ƙona tsumman daga ƙasa, na ga hayaƙi yana shiga bututu, na ce in ya dawo sai in hau. Ya dawo ana tsakiyar maimai, wato noma na biyu, na yi ta cewa gobe.

Da asuba nake fita gona, in dawo in tarar an sauke girki. In na tambaye ta murhu sai ta ce, “Ba ya cin itace, Malam. Allah ya saka da alheri.” Gaskiya ta faɗa, sai dai ba duka ba. A da, da ruwa ya ɗauke takan kwashi duwatsun murhunta ta fito fili. Yanzu murhu ya zama kafaffe, ko ranar da babu hadari, a madafa take wuni.

Bayan an yanke gero numfashi ya fara gagararta, na kai ta asibiti a Gwarzo. Likita ya tambayi inda take girki. Na gyara zama na shiga kwatanta masa murhuna. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Likita, hayaƙin dawowa yake.” Ranar na fara jin wannan maganar.

Da muka koma na yi sallama da Alhaji, na nemi izinin hawa soro. Ya ce, “Haba Malam, ai da ka turo matarka ta gaya musu. Aikin minti nawa ne?” Na kafa tsani na hau. Babu bututu a sama, sai yaɓe sumul. Na sa fartanya na yi ta tono daidai kusurwar har na ci karo da wani fasasshen kasko da aka kife a bakinsa don kada ruwa ya shiga. Yaɓen shekara da shekaru ya binne shi. Hayaƙin da na ga yana shiga cika cikin bututun kawai yake yi ya juyo.

Na ƙara masa tsawo, na yi masa hular gwangwani. Washegari na hura wutar da kaina, na fito da maiɗakina tsakar gida, na zaunar da ita a kan tabarma. Ta daɗe tana kallon hayaƙin yana miƙewa sama. Na ce, “Me ya hana ki gaya mini?”

Ta ce, “Na ga yadda ka ji daɗin ginin.”

Ba ta sake tsayawa a gaban murhun ba. Ƙanwarta ce ta zo ta karɓi girki. Ta rasu kafin ruwan shuka na gaba ya sauka. Likita ya gaya mini ciwon ya riga murhuna shiga jikinta, masu ta'aziyya kuma suka ce kwana ne ya ƙare, na kuma yarda da su. Amma wata huɗu ta yi a ɗakin nan tana shaƙar abin da na gina don in raba ta da shi, ni kuwa tsanina yana jingine a zaure.