Maraƙar Kaka da Ruwan Tsiro

Wata rana a garin Bobo, ina zaune a tasha ina jiran mota, iska ta kawo mini wani ƙamshi daga bayan katanga, ƙamshin tsiron dawa a kan wuta. Mutanen can dolo suke cewa, a arewacin Kamaru na ji ana cewa bilbil, a Najeriya burkutu. Mu a ƙauyenmu, kusa da Kwaya, giya kawai muke cewa, ita ma sai an rage murya. Amma ni ba giya na tuna ba. Wata maraƙa na tuna, da jinin da aka zubar a kanta.

Kakata, wadda ta haifi ubana, saniya ɗaya gare ta. Cikin wata bazara mai tsanani saniyar ta haihu, mahaifa ta ƙi fita, kafin a yi wani abu ta tafi. Ta bar mana maraƙa ja mai farin goshi, ƙafafu kamar karan gero. Wanda bai zauna ƙauye ba ba zai gane ba: ga tsohuwa, maraƙar nan ita ce nonon gobe, ita ce man kitso, ita ce abin da za ta nuna ta ce nawa ne.

Kaka ta koya mini ba ta abinci. A dama kunun gero ruwa-ruwa, a zuba nonon akuya, ka tsoma hannu cikin ƙwarya ka miƙa mata yatsa biyu. Tana tsotsar yatsan, tana shan kunun ba ta sani ba. Har yau ina jin kaushin harshenta a fatata. Sai awaki suka ƙafe, kunu zalla kuma ya sa ta zawo. Kaka ta jiƙa bagaruwa, ta dafa ganyen sabara, ta sa ɗan kanwa. Duk magungunan da take ba mu in ciki ya ɓaci, ta ba ta. Maraƙa dai sai ramewa, idanu sun faɗa, ƙudaje sun fara taruwa.

A gangaren fadama akwai wata tsohuwa, ƙawar kaka tun ƙuruciya. Ƴaƴanta duk sun musulunta, sahu ɗaya muke salla da su, amma ita ta riƙe al'adar iyayenta, tana dafa giya a bayan ɗakinta. Ita ta zo ta buɗe bakin maraƙar ta duba, ta ce a riƙa aiko ni da ƙwarya ranar dahuwa. Ba giya take zuba mini ba. Ruwan tsiro ne na farko, mai zaƙi kamar rake, wanda bai kwana ba balle ya yi tsami. Maraƙa ta sha, ta ƙara. Ba a jima ba zawo ya tsaya, ta fara tsalle tana tunkuyar kaji.

Ƙanen ubana, da muke kira baba ƙarami, mutum ne mai zafin kai, mai gudun abin faɗa. Wani ya yi masa ba'a a kasuwa, wai gidansu har dabbobi mashaya ne. Ya dawo da rana tsaka, ya shinshina ƙwaryar, ya buga ta da ƙasa.

"Inna, giya kike ɗura wa dabba a gidan nan?"

"Kai dai ka sha ka ji," in ji kaka, "in ta bugar da kai sai ka gaya mini."

Bai tsaya ba. Ya fizgi taɓarya daga hannun uwata ya nufi gangare, mu yara muna biye da shi a guje. Tsohuwar na durƙushe tana gyara wuta ƙarƙashin babbar tukunya. Ta ɗago kai ta ce, "Sannu da rana, ɗana." Taɓaryar ce ta amsa mata. Tukunya ta dare biyu, tafasasshen ruwa ya kwaro mata daga gwiwa zuwa tafin ƙafa. Na ji kukan raƙumi ana yanka shi a Agadas, na ji na mata a gidan mutuwa a ƙasashe da dama, ban taɓa jin irin ƙarar da ta yi ba. Fatar ƙaurinta ta saluɓe kamar ɓawon rogo dafaffe.

Babban ɗanta yana gyaran gona kusa. Ya iso da gatari a kafaɗa, bai tambayi kowa komai ba. Allah ya sa da ƙota ya kai sara, ba da baki ba. Duk da haka kan baba ƙarami ya tsage, jini ya rufe masa ido, ya faɗi cikin laka da tsingaro, ɗan yana tattaka shi har sai da maza suka rirriƙe shi.

Kaka ta iso tana haki. Ɗanta na kwance cikin jini, ta tsallake shi. Wajen ƙawarta ta fara zuwa, ta shafa mata man shanu, ta barbaɗa garin bagaruwa. Sai da ta gama ta yagi bakin zanenta, ta ƙona, ta cusa tokar cikin raunin ɗanta. Ya yi ihu, ta ce, "Yi shiru, ba kai aka dafa ba."

Mai gari ya kashe maganar don kada ta kai ga jandarma a Magariya. Amma ruwan tsiro ya yanke, maraƙa ta koma kwance.

Sai kaka ta jiƙa dawa, ta shimfiɗa ta a ɗakinta ta rufe da buhu mai laima har ta tsiro. Ta shanya, ta niƙa, ta ɗora tukunya a tsakar gida, daidai inda baba ƙarami ke jinya a inuwa, kansa ɗaure da tsumma. Ƙamshin ya cika gidan.

"Inna, wannan ai ita ce," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Sai ta kwana take zama giya. Ni kuwa ba ta kwana a gidana. Miƙo hannunka."

Ta kama hannunsa ta tsoma cikin ƙwarya. Ina kallo maraƙar ta laluba yatsunsa ta kama, shi kuwa ya kawar da fuska, hawaye na bin busasshen jinin kumatunsa.

Maraƙa ta rayu, ta zama saniya, ta haifa mana garke ƙarami. Tsohuwar kuwa ba ta sake dafa komai ba, ba ta sake taka ƙofarmu ba. Da sanda ta ƙare rayuwarta.

Yanzu in na je gida, likitan dabbobi ke zuwa a kan moto, wato babur, da allura da garin madara. Na ga inda ake shayar da maruƙa da bokiti mai kan roba, ba mai tsoma hannu. Ya fi tsabta, ban musa ba. Gidan gangare ya zama gonar gyaɗa, ba wanda ya san an taɓa hura wuta a can. Abin da na sani shi ne, tun daga haihuwar farko ta saniyar nan, kowace safiya baba ƙarami ke ɗaukar ƙwaryar nono da kansa ya ajiye a ƙofar tsohuwar. Ba ta taɓa yi masa magana ba. Da yamma dai yakan tarar da ƙwaryar a waje, an wanke, an kife.